Masu Ƙirga Fiksel da Masu Ƙirga Haske

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san yadda cinikin yake tafiya. Kafin mai saye ya gama gaisuwa, yaron shago ya riga ya miƙo masa waya yana cewa, "Alhaji, wannan kyamararta megafiksel 108 ce, waccan kuwa 50 kawai." Shi ke nan magana ta ƙare, babbar lamba ta kayar da ƙarama. Abin da yaron bai faɗa ba, wataƙila don shi ma ba a faɗa masa ba, shi ne yawancin irin waɗannan wayoyi suna tattara fiksel tara-tara su dunƙule su wuri guda kafin su ajiye hoto, sai 108 ɗin nan ta koma 12. Fiksel ɗin sun yi ƙanƙanta ƙwarai, hasken da kowane ɗaya ke samu bai isa a dogara da shi ba.

Da abin ya tsaya a kan waya, da da sauƙi, asarar ta 'yan dubban nairori ce. Amma wannan tunani na yaron shago yana bin mutane har ofis. Shi ne yake zama a kujerar kwamiti ranar da za a sayi na'urar ɗaukar hoton ƙirji, shi ne yake rubuta takardar neman kayan ɗakin gwaji a jami'a, shi ne kuma yake sa a yarda cewa ilimin kimiyya kaya ne da ake saukewa daga jirgin ruwa a Apapa. A wannan tunani kaifin hoto yana zuwa ne a cikin kwali, kuma in ana son ƙari sai a sayi sabon kwali. Akwai wani ɗan fanni a ilimin na'urorin ƙirga haske da ya isa ya ƙaryata wannan, kuma babu inda ya fi dacewa a auna shi kamar Riruwai, can kudancin jihar Kano a ƙaramar hukumar Doguwa, bayan an wuce Tudun Wada an ratsa dajin Falgore.

Sai an fara da yadda na'urar take. Haske, ko na rana ne ko na eksire, yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, abin da Einstein ya bayyana a 1905. Tsohuwar na'ura ba ta damu da ƙwayoyin ba. Tana tara abin da ya zubo a kan kowane gurbi na tsawon lokaci ta faɗi jimla, kamar mai awon hatsi da mudu. Na'urar ƙirga kuwa ƙwaya ɗaya-ɗaya take karɓa, ta rubuta inda ta faɗo, ta auna ƙarfinta, wasu ma har su rubuta lokacin da ta iso. Ana yin idon irin wannan na'ura da ɓallin silikon ko na kadmiyam-telurayid, a manna shi a kan wani allon lantarki da aka yanka gurbi-gurbi. Fitaccen misali shi ne dangin Medipix da Timepix da aka ƙera a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba: gurbi 256 a tsaye, 256 a kwance, jimla 65,536, kowane gurbi faɗinsa maikiromita 55, wato kwatankwacin kaurin silin gashi.

Idan ƙwayar eksire ta shiga ɓallin ta tsaya, takan saki dubban elektaron a wuri guda. A silikon kowane elektaron-bolt 3.6 na ƙarfinta yana sakin ɗaya, saboda haka ƙwaya mai ƙarfin kilo-elektaron-bolt 36, abin da ake taƙaitawa da keV, tana sakin kusan dubu goma. Wutar da aka ɗora wa ɓallin sai ta ja wannan cajin zuwa ga gurabun. A kan hanya tarin yana baje jiki, kamar ɗigon tawada a kan tsumma, har ya kai faɗin maikiromita goma-goma. In ƙwayar ta faɗo kusa da iyakar gurbi, sai cajin ya rabu, wannan gurbi ya sami kaso, maƙwabcinsa ya sami kaso, a kusurwa ma gurbi huɗu ne za su raba.

Shekara da shekaru injiniyoyi suna tsine wa wannan rabuwa, kuma suna da hujja. Ƙwaya ɗaya takan zama biyu a ƙirga, kowace da ƙarfin ƙarya, ko kuma ta ɓace ɗungurum idan babu gurbin da kasonsa ya kai mizanin da aka sa. Har a Medipix3 sai da aka gina dabara ta musamman wadda gurabu maƙwabta ke haɗa kasonsu su miƙa wa wanda ya fi samu. Sai dai abin da wani ya ɗauka aibi, wani ya gane shaida ce.

A ɗauki kwano huɗu a jera su biyu-biyu, baki na taɓa baki. Wani ya ɗebo wankakken kuza cikin tafin hannu ya sake shi daga sama, ya tafi. Wanda ya zo daga baya bai ga hannun ba, amma yana da sikeli. In ya tarar da kuzan duka a kwano ɗaya, iyakar abin da zai ce shi ne hannun yana saman wannan kwano. In kuwa ya tarar an raba daidai tsakanin kwano huɗu, ya san hannun yana daidai mahaɗarsu, kuma ya san haka da tabbacin da ya fi faɗin kwano nesa ba kusa ba. In kwanon gabas ya sami kashi bakwai na yamma ya sami uku, hannun yana kusa da iyaka ta ɓangaren gabas. Zubewar da ta ɓata awo ita ce ta tona inda hannun yake. Wannan shi ne gano mafaɗar ƙwayar haske a cikin gurbi, kuma babu wani siddabaru a ciki.

Akwai tarko a lissafin, kuma ya kamata a daɗe a kansa, domin a nan ake rabuwa tsakanin mai fahimta da mai kwafa. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ɗauki matsakaici. A ce elektaron 7,000 sun faɗa gurbin hagu, 3,000 sun faɗa na dama, tsakiyar gurabun biyu kuma tazararsu maikiromita 55. Matsakaici zai ce ƙwayar ta faɗo a kashi uku cikin goma na tazarar, wato maikiromita 16.5 daga tsakiyar gurbin hagu. Amsar tana da kyan gani, amma kuskure ce. Tarin cajin ya fi gurbin ƙanƙanta. In ma'aunin bajewarsa maikiromita 10 ne, ba zai zubar da kashi 30 cikin ɗari zuwa maƙwabci ba sai ya matso kamar maikiromita 5 daga iyaka. Iyakar kuwa tana maikiromita 27.5 daga tsakiya, saboda haka ainihin mafaɗar tana wajen maikiromita 22. Matsakaici ya kauce da kusan shida, kuma kullum gefe guda yake kaucewa, yana jan ƙwayoyi zuwa tsakiyar gurbi. Hoton da aka gina da irin wannan lissafi yakan fito da zanen raga a fuskarsa, ragar da babu ita a jikin abin da aka ɗauka. Madubin da ke kallon haske na gani da na bayan shuɗi a kumbon XMM-Newton, wanda Turai ta harba a Disamban 1999, yana raba kowane gurbi gida takwas a tsaye takwas a kwance, kuma masu aiki da hotunansa sun san wannan raga mai maimaita kanta duk bayan ɗigo takwas, sai sun goge ta da lissafi kafin su auna tauraro.

Maganin yana da sauƙin da zai ba mutum haushi don bai riga tunaninsa ba. A haska fuskar na'urar da haske bai ɗaya, babu komai a gabanta. Tunda haske bai ɗaya ne, an san ƙwayoyin sun faɗo ko'ina daidai wa daida, babu wurin da ya fi wani. Sai a tara miliyoyin rabuwa, a jera su daga wadda ta fi karkata hagu zuwa wadda ta fi karkata dama. Wadda ta zo a rubu'in jerin, mafaɗarta tana rubu'in tazara. Wadda ta zo a tsakiyar jerin tana tsakiyar tazara. Da haka na'urar da kanta take rubuta jadawalin da ke fassara kowane rabo zuwa wuri, ba tare da an san siffar tarin cajin ba. Masu binciken ƙananan ƙwayoyin zarra suna amfani da wannan dabara tun farkon shekarun 1980, suna kiranta da harafin Girkanci eta. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya fahimci ƙididdiga zai iya rubuta ta a kwamfutar cinya cikin mako guda.

Ribar ba ƙarama ba ce. Gurbin da ba a san komai a cikinsa ba, kuskurensa a lissafi faɗinsa ne a raba da saiwar 12, wato kusan maikiromita 16 ga gurbi mai 55. A cibiyar Paul Scherrer ta Suwizalan an ƙera na'ura mai suna MÖNCH da gurabu masu faɗin maikiromita 25, da gangan aka ƙanƙanta su don kusan kowace ƙwaya ta rabu, kuma da wannan lissafi suka sauko da kaifin hoto zuwa 'yan maikiromita ƙalilan.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1958 Hal Anger na Berkeley a Amurka ya bayyana kyamarar gamma mai bututun haske bakwai kacal a bayan ɓallin kiristal guda. Bututu bakwai ba za su ba da hoto ba in kowane ɗigo ɗaya ne. Anger ya kwatanta hasken da kowane bututu ya gani ya fitar da wurin walƙiyar. Har yau kyamarorin gamma na asibiti, irin waɗanda ake aiki da su a Ibadan da Abuja, a kan wannan ƙa'ida suke: bututu mai faɗin santimita biyar ko fiye, kaifin hoto milimita uku zuwa huɗu. Da yaron Farm Centre zai ga na'urar sai ya raina ta, don gurabunta ba su kai ɗari ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana sararin sama. A Yulin 1999 aka harba madubin Chandra mai kallon eksire na taurari, a kan falakin da ke kai shi kusan sulusin tazarar wata, inda babu mai zuwa gyara balle sauya kaya. Gurbin kyamararsa maikiromita 24 ne, abin da ya yi daidai da 0.492 na daƙiƙar kusurwa a sama, kuma madubin ya ɗan fi gurbin kaifi. Wato gurbi yana cinye wani abu daga abin da madubi ya kawo. A 2001 Hiroshi Tsunemi na Jami'ar Osaka da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin da cajinsu ya rabu a kusurwa ana iya mayar da su kusurwar, maimakon a jibge su a tsakiyar gurbi. Wasu suka ƙara gyara dabarar ta yadda za ta yi la'akari da ƙarfin kowace ƙwaya, daga baya ta shiga cikin tsarin da ake sarrafa bayanan Chandra da shi yau da kullum. Ba a sauya ko ƙusa ɗaya ba. Har tsofaffin bayanan da ke ajiye an sake bi ta kansu sun ƙara kaifi. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to ga shi a fili. Irin wannan dabara ce kuma, a kan elektaron maimakon haske, take cikin kyamarar K2 da ta taimaka wa madubin elektaron ganin siffar furotin, fannin da ya kai ga kyautar Nobel ta 2017.

To, a nan ne wani zai ɗaga waya ya ce ai wannan tsohon labari ne, akwai manhajar da ke gyara hoto mai dishi-dishi ya fito tas, har hoton kaka na zamanin Sardauna ana mayar da shi kamar jiya aka ɗauka. Wannan ruɗani ya fi na yaron shago haɗari, domin abubuwa biyu ne masu hannun riga aka ba suna ɗaya. Gano mafaɗar ƙwaya awo ne. Labarin yana nan a cikin rabon cajin, tsohuwar na'ura zubar da shi take yi, sabuwar dabara ta tsince shi, kuma ana iya faɗin iyakar kuskurensa da lamba. Manhajar ƙirƙirarriyar basira kuwa ba ta da wani ƙarin labari game da abin da aka ɗauka. Ta ga miliyoyin hotuna, sai ta cike gurbin da abin da ta saba gani. A 2020 aka ba wata manhaja irin wannan mai suna PULSE hoton Barack Obama da aka dusashe, ta mayar da fuskar Bature, tsaf da ita, babu dishi ko kaɗan. Ba ta lalace ba, aikinta ta yi. A hoton biki wannan abin dariya ne. A hoton huhu, manhajar da ta fi sabawa da lafiyayyen huhu tana iya share tabon da likita ke nema, ta bar hoto mai kyau da majiyyaci marar lafiya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma karin maganar ta ɗauka cewa abin da ido ya gani ya faru.

Kada a haɗa wannan da manhajojin da ke duba hoton ƙirji su ba da maki kan yiwuwar tarin tibi, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2021 don tantance manya. Waɗannan karatu suke yi, ba su taɓa hoton ba, kuma gwajin majina ne ke yanke hukunci a bayansu.

Maganar huhu ta kawo Riruwai. Duwatsunta ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, kuma a tsakiyarsu akwai jijiyar ma'adini mai tsawon kusan kilomita biyar daga gabas zuwa yamma, ɗauke da kuza da tutiya da wulfiram, ga kolombait a cikin dutsen da ke kewaye. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna narka kuza su fitar da shi siri-siri kamar tsinke, fatake su kai Kano da gaba. Daga baya kamfani ya haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da harkar a ƙasar baki ɗaya, aikin ya koma hannun masu diga da shebur da kwanon wanki. Dutsen da suke fasawa cike yake da ƙanƙarar dutse, ƙurarta kuwa ita ce ke haddasa ciwon da ke taurara huhu, wanda ba ya warkewa, kuma yake ninka haɗarin kamuwa da tarin tibi.

Mai sayar da kaya zai so a ce ga dalilin sayen na'urar ƙirga haske mafi kaifi. Ƙarya ne, kuma dole a faɗa ko da ya rage wa wannan fanni kwarjini. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mafi ƙanƙantar rukunin tabon ƙurar dutse a hoton ƙirji shi ne mai faɗi har zuwa milimita 1.5, na biye daga 1.5 zuwa 3, na uku daga 3 zuwa 10. Gurbin na'urar eksire ta zamani da aka saba da ita bai wuce maikiromita 150 ba ko kusa da haka, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita 1.5 ɗin. Abin da ke ɓoye tabon ba girman gurbi ba ne. Haƙarƙari ne da jijiyoyi da ke hawa kan juna a hoto, da hasken da ya watse a jiki, da majiyyacin da bai riƙe numfashi ba, da rashin wanda ya koyi karanta irin wannan hoto. Mai haƙar kuza a Riruwai yana bukatar ruwa a bakin abin fasa dutse don ƙura ta kwanta, da abin rufe hanci na gaske, da na'urar eksire ta talaka mai aiki wadda ba sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ba. Maikiromita biyar ba ta cikin buƙatunsa.

Dabarar ma tana da kuɗin da ake biya, ba da naira ba. In aka raba kowane gurbi gida huɗu a tsaye huɗu a kwance, ƙwayoyin da ke cika gurbi ɗaya sun rabu gida 16, yashi-yashin hoton ya ninka huɗu a kowane ɗigo, kuma ba a mayar da shi yadda yake sai an ninka hasken sau 16. A jikin mutum wannan ƙarin eksire ne da ba a wasa da shi. Sannan dole ƙwayoyin su zo a tsanake. In biyu suka faɗo kusa da juna a lokaci guda, kwanonin sun cakuɗe, babu sikelin da zai raba su. A na'urar sitisikan kuwa ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi ne ke iya sauka a kan milimita murabba'i ɗaya cikin daƙiƙa. Shi ya sa na'urar sitisikan mai ƙirga haske ta farko da hukumar Amurka ta amince da ita, Naeotom Alpha ta kamfanin Siemens a Satumban 2021, kaifinta daga ƙananan gurabu ya fito, ba daga wannan lissafi ba. Kadmiyam-telurayid ma yana da nasa halin: wani lokaci ƙwayar da ta shige shi takan sa ya fitar da tasa ƙwayar mai ƙarfin keV 23 ko 27, ta yi tafiyar da ta kai maikiromita ɗari kafin ta tsaya, sai lissafi ya nuna wurin da babu abin da ya faɗo. Ƙwayar da ta sauka a tsakiyar babban gurbi ba ta zubar da komai ba kuwa, har abada ba a san inda take a cikinsa ba.

A jera waɗannan sharuɗɗa a karanta su ta baya. Ana son abin da ba ya numfashi, ba ya motsi, eksire ba ya cutar da shi komai yawansa, zai iya kwana a gaban na'ura ana yayyafa masa haske a hankali, kuma sirrinsa yana cikin 'yan maikiromita. Wannan siffar dutse ce.

Kowane ƙarfe yana da ƙarfin eksire da in aka kai shi sai shan haskensa ya yi tsalle farat ɗaya. Na niyobiyam, ƙarfen da ke cikin kolombait, yana keV 19. Na kuza yana 29.2. Na tantalam yana 67.4, na tangistin da ke cikin wulfiram yana 69.5. Na'urar da ke auna ƙarfin kowace ƙwaya tana iya duba ɗan gutsuren dutse ta ce wannan ƙwayar kuza ce, waccan kolombait ce, alhali a ido dukansu baƙaƙe ne masu nauyi. In aka ƙara mata lissafin mafaɗa, sai ta nuna girman ƙwayoyin da yadda suka sarƙe da dutsen da ke riƙe da su. Wannan ba ado ba ne. Girman ƙwaya shi ke faɗin iyakar laushin da za a niƙa dutse. In niƙan bai kai ba, kuza na nan maƙale a tsakuwa an zubar. In ya wuce, ya zama gari ruwa ya tafi da shi, an kuma ƙara ƙurar da ake shaƙa a banza. Sannan akwai ciniki. Mai haƙa yana kawo kayansa a buhu, mai saye ne ke faɗin darajarsu, kuma duk cinikin da gefe ɗaya ne kaɗai ya san abin da ke cikin buhu an san wanda zai kwana da ciwon rai.

Abin takaicin ma ya fi haka. Tangistin shi ne ƙarfen da ake bugawa da elektaron a cikin bututun eksire don haske ya fito. Kadmiyam daga tamar tutiya ake tsamo shi. Da gamin kuza ake yawan manna ɓallin na'ura da allon lantarkinta, ɗigo ɗaya ga kowane gurbi. Da sinadarin niyobiyam aka yi siririyar wayar da masu bincike a Mosko suka nuna a 2001 tana ƙirga haske ƙwaya-ƙwaya, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait. Kusan duk abin da na'urar ke buƙata akwai danginsa a ƙarƙashin ƙafar mutumin Riruwai. Babu mai hankalin da zai ce gobe a kafa masana'antar ƙera irin wannan allo a Doguwa. Amma rabin aikin da ba ya buƙatar masana'anta, wato lissafin, shi ma an bar wa wasu, kuma wannan babu uzuri a kansa.

Za a ce ƙasar da ba ta da tsayayyiyar wutar lantarki ina ita ina maikiromita. Amsar ita ce na'urar Timepix ƙarama, irin wadda ake ƙerawa a birnin Prague, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuma daga jikin kwamfutar cinya take shan wuta. Tun 2012 irinta suke aiki a tashar sararin sama ta ƙasa da ƙasa suna auna hasken da 'yan sama-jannati ke sha. A Ingila har ɗaliban sakandare an ba su suna gwaji da ita. Ƙasar da ke tafiyar da tukunyar nukiliya ta bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004, har aka sauya mata makamashi a 2018, ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Sassan kimiyyar lissafi da na ilimin ƙasa a Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya ta Wudil suna yaye ɗalibai duk shekara, kuma da yawansu suna fita ba su taɓa riƙe ɗanyen bayani daga na'ura ba.

Ɗanyen bayanin nan shi ne wurin da kwamitocin saye suka fi yin sakaci. Abin da ya sa aka iya ƙara wa Chandra kaifi bayan ya bar duniya shi ne yana aiko da labarin kowace ƙwaya tare da abin da gurabun da ke kewaye da ita suka samu. Da hoto gamamme kawai yake aikowa, da Tsunemi bai sami abin lissafawa ba. Na'urar da ke ba da hoto kaɗai, ta ɓoye jerin ƙwayoyin a bayan manhajar da kamfani ya kulle, ranar da aka saye ta ranar ta fara tsufa, komai yawan fiksel ɗinta. Saboda haka takardar sayen na'urar bincike ya kamata ta tambayi ko na'urar tana fitar da jerin ƙwayoyi ɗaya-ɗaya da ƙarfinsu da lokacinsu, ko an yarda mai ita ya karanta jerin da manhajar da ya rubuta da kansa, ƙwaya nawa take iya rabewa a daƙiƙa kafin ta ruɗe, da kuma yadda aka auna kaifin da aka rubuta a kwali: da gefen reza da aka ɗauka aka lissafa, ko da ƙirga gurabu kawai. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan, ya koma kan maganar megafiksel, da shi da yaron Farm Centre bambancinsu kwat ne da taye.

Gwajin farko ba ya buƙatar izinin kowa sai na hukumar kula da hasken nukiliya: ƙaramar na'ura ɗaya, ƙaramin bututun eksire a cikin akwatin dalma, reza ɗaya don auna kaifi, dare ɗaya na haske bai ɗaya don gina jadawalin eta, da gutsuren dutse mai kaurin milimita ɗaya daga jijiyar Riruwai, wanda kowane mai haƙa zai bayar kyauta in aka yi masa alkawarin dawowa a nuna masa abin da ke ciki.